Doktora a Wankin Gyambo

Ranar sunan jikan maƙwabcinmu a nan Adjamé Saint-Michel, bayan an raɗa suna an raba goro, mu mata muna ciki muna fama da tukwane, sai aka aiko wai kawuna yana kirana a rumfar maza. Na yafa mayafi na fita na durƙusa. Ashe labari ne ya kai masa cewa na ajiye aikin dare da nake yi a wani kilinik mai zaman kansa, na koma makaranta ina karatun mastar na bincike a fannin jinya, kuma wai har ina da niyyar zarcewa doktora in Allah ya yarda. Ya dube ni a gaban mutane ya ce, “Ke ɗiyata, mi aka bincike cikin wankin gyambo? In karatu kika so, mi ya hana ki zama lokotoro tun farko?” Rumfa ta ɗauki dariya. Wani Alhaji mai sayar da albasa ya ƙara da cewa to ai sai mu jira ranar da za a yi doktora a ɗaure ledar garba.

Ban tanka ba, domin ba a yi mini tarbiyyar mayar wa babba magana a bainar jama'a ba. Amma maganar ba ta kawu ba ce shi kaɗai. Na ji ta daga bakin likita mai farar riga, na ji ta daga bakin abokan aikina da muke kwana tare a ɗakin majinyata, kuma ta fi ciwo daga bakinsu. Tunda rumfar maza ba wurin amsata ba ne, bari in bayar da ita a nan, inda kowa zai karanta a zaune ba tare da an katse ni ba.

A rajistar masu tarin fuka akwai wani gurbi da ake cikewa da kalmomi uku na Faransanci, perdu de vue, wato an daina ganinsa. Ƙa'ida ita ce idan majinyaci ya yi wata biyu a jere bai zo karɓar magani ba, sai a rubuta masa haka. Maganin tarin fuka wata shida ake sha, wata biyu na farko magani iri huɗu a haɗe, wata huɗu na baya iri biyu, kuma kyauta ake bayar da shi, a nan Kodebuwa da can Nijar. Abin da ke yaudarar mutane shi ne maganin yana aiki da wuri. Kafin a ci wata guda tari ya lafa, zufar dare ta tsaya, mutum ya fara cin abinci, sai ya ɗauka ya warke, alhali ƙwayar cutar tana nan a laɓe. Wanda ya yanke magani a tsakiya yana iya dawowa da ciwon, wani lokacin ma da irin wanda ba ya jin maganin farko, ya kuma shafa wa duk wanda suke kwana ɗaki ɗaya.

Shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya a Abijan, kuma saboda ina jin Hausa da Julanci, duk inda aka kawo ɗan Nijar da Faransancinsa bai wuce na ciniki ba, ni ake kira. Na san su. Masu garba ne, masu shayi, masu yankan farce, 'yan koli, masu tura amalanke tsakanin Forum da kasuwar Gouro, yaran masu albasar Galmi. Suna saukowa daga Tawa da Buza da Keita da Illela bayan an gama girbi, su cunkusu a ɗaki ɗaya ko su kwana a shago, kuma da watan Afrilu ya raba, hankalinsu ya koma gona. To, a ce an gano wa mutum tarin fuka a watan Fabrairu. Maganinsa ba zai ƙare ba sai Agusta. Ruwan shuka a Adar kuwa ba ya jiran kowa ya gama magani. Akwai takardar sauyin wuri da ake cike wa majinyaci ya kai wata cibiyar ya ci gaba da karɓa, amma sai in ya faɗi cewa zai tafi, kuma ba ya faɗa, ko don tsoron a yi masa faɗa, ko don bai san akwai ta ba. Ya hau mota kwana biyu ko uku, mu kuma mu rubuta kalmomi uku mu juya shafi.

Duk wannan da na faɗa zato ne, kuma a nan maganar take. Idan gobe na shiga ofishin wani babba a shirin yaƙi da tarin fuka na ce masa 'yan'uwana suna ɓacewa da farkon damina, zai tambaye ni mutum nawa, daga cikin nawa, a waɗanne watanni, kuma in aka gwada su da mazauna gari da ba sa zuwa ko'ina, wa ya fi ɓacewa? Yana da gaskiya ya tambaya. Mai yiwuwa ma zatona kuskure ne. Mai yiwuwa kuɗin gbaka ne ke hana su zuwa, ko kunyar a gan su a layin masu tari, ko wani ya ja su Roxy ya sayar musu da wata ƙwaya a leda ya ce ta fi ƙarfi, ko kuma ni ce nake tuna Hausawan da suka ɓace na manta da Mosi da Baule da suka ɓace, don su ba ni na yi musu tafinta ba. Karatun da kawu yake wa dariya shi ne koyon yadda ake raba zato da sani: yadda za a zaɓi mutanen da za a bibiya ba tare da son rai ba, yadda za a yi wa mutum tambaya ba a sa masa amsa a baki ba, yadda za a ƙirga, yadda za a nemi izinin kwamitin ƙasa mai kula da ladubban bincike kafin a taɓa fayil ɗin kowa, da yadda za a yarda an yi kuskure idan alƙaluma suka ƙaryata mai su. Ba a koya mini ko ɗaya daga ciki ba a shekara ukun da na yi ina koyon aiki, kuma ba laifin kowa ba ne, don wancan karatun na fitar da mai kula da majinyaci ne.

Ga masu cewa me ya hana in zama likita: tambayar likita daban, tawa daban. Likitoci da masana magunguna sun riga sun amsa wane magani ke kashe ƙwayar tarin fuka, Allah ya saka musu. Har gajeren magani na wata tara na tarin da ba ya jin magani an gwada shi a ƙasashe tara na Afirka, ciki har da Kodebuwa da Nijar, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2016. Abin da ya rage shi ne yadda ƙwayar za ta shiga cikin mai tura amalanke kullum har kwana ɗari da tamanin, yana Adjamé ko yana Buza. Likita yana ganinsa minti goma. Ni nake ganinsa ranar da ya zo da yunwa, ni yake gaya wa fitsarinsa ya koma ja yana tsoro, ni nake gaya masa rifampisin ne ke sa haka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don me za a ce mai ɗakin ba zai koyi auna yoyon ba?

Mu dawo kan gyambon kansa, tunda shi aka zaɓa a yi ba'a da shi. Majinyacin da ya daɗe a kwance, kamar wanda ɓarin jikinsa ya shanye, bayansa da duga-dugansa suna ɓarkewa da gyambon kwanciya, kuma wannan gyambon yana kisa. Ma'aunin da asibitocin duniya suke amfani da shi wajen gane wanda ke cikin haɗarin kamuwa, wasu malaman jinya mata biyu na Amurka ne suka fitar da shi a 1987, Barbara Braden da Nancy Bergstrom. To amma littattafan da muka karanta suna cewa alamar farko ita ce fata ta yi ja. A fatar wa? A jikin tsohon Ba'adare ko tsohuwar Baule babu jan da ido zai gani. Wurin yana yin duhu ne, ko ya yi tauri, ko ya fi gefensa zafi, kuma sai mai hannu a kai yake ganewa. Kafin wanda ya haddace littafi ya ga abin da yake nema, fata ta buɗe. Sannan ga gyambon Buruli, wanda Kodebuwa tana cikin ƙasashen da suka fi fama da shi a duniya. Maganinsa na sha mako takwas ne, amma wankin gyambon da ɗaure shi yana iya ɗaukar watanni, kuma a wannan wankin ne ake sanin ko yaro zai miƙe da hannunsa ko zai ƙanƙance har abada. Ga kuma ƙafar mai ciwon suga da ke kai dattawan kasuwarmu ga yankewa. Kawu, a cikin wankin gyambo akwai abin bincike da zai ƙarar da rayuwar mutum goma ba a gama ba.

Aikin jinya na zamani ma da ƙirga aka kafa shi. Ana nuna mana hoton Florence Nightingale da fitila a hannu, ba a gaya mana cewa abin da ya girgiza hukumomin Ingila bayan ta je Scutari a 1854 alƙalumanta ne, waɗanda suka nuna cewa cututtuka sun fi raunin yaƙi kashe sojoji. A 1858 ta zama mace ta farko da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓa. A zamaninmu kuma, a 2002, wata malamar jinya mai suna Linda Aiken da abokan aikinta suka duba asibitoci 168 a jihar Pennsylvania, suka gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa malamar jinya a kan waɗanda take kula da su, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana talatin yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. A 2014 aka maimaita irin binciken a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, aka sami kusan abu ɗaya. Kowace malamar jinya a Abijan da ta taɓa kwana ita kaɗai da cikakken ɗaki ta san haka a jikinta. Amma ƙorafi ba ya sa ma'aikata ta ɗauki ma'aikata. Da alƙaluma ake zama teburin kasafin kuɗi, kuma alƙaluman Pennsylvania ba za su yi mana magana a Plateau ba.

Kada wani ya ce Abijan ba garin bincike ba ne. A cikin harabar babban asibitin koyarwa na Treichville ƙungiyar PAC-CI take, wadda ta gudanar da gwajin Temprano a kan mutum 2,056 masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna cewa fara magani da wuri yana rage munanan cututtuka da mutuwa da kashi 44 cikin 100, kuma yana cikin hujjojin da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ba kowa magani da zarar an gano yana ɗauke da ƙwayar. Daga nan Treichville, inda muke sauka mu sayi atamfa, aka sauya wa duniya ƙa'ida. Ina alfahari da haka. Amma duk wanda ya san yadda ake irin wannan aiki a ko'ina cikin duniya ya san su waye ke ɗibar jini, su waye ke ƙirga ƙwayoyi, su waye ke kiran waya su lallashi wanda ya gaji. Hannun binciken namu ne tun tuni. Abin da ba a saba ba mu ba shi ne damar kawo tambayar. Wani likita da na taɓa yi wa aikin tattara bayanai, da na ce masa fom ɗinsa ba shi da gurbin tambayar ko majinyaci yana da niyyar tafiya gida, sai ya yi murmushi ya ce, “Madam, ke dai cike abin da aka rubuta.” Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai dalilin tarihi da ya sa wannan raini ya fi kauri a ƙasashen da suka yi zama da Faransa. 'Yan'uwanmu na Najeriya da za su karanta wannan watakila su yi mamaki, domin Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen jinya tun 1965, kuma yau ana karanta shi a jami'o'in Zariya da Kano. Mu kuwa tsarin Faransa muka gada, inda aka daɗe ana ɗaukar malamin jinya a matsayin mai zartar da umarnin likita. Ita Faransar kanta sai a 2009 ta daidaita takardar malaman jinyarta da digirin farko, kuma sai a 2019 ta buɗe wa kimiyyar jinya sashe na kanta a majalisar da ke tantance malaman jami'a. A nan gida, INFAS da ke Treichville, wadda aka kafa a 1991, ita ke horar da malaman jinya da ungozomai na gwamnati, kuma bayan ƙasashen UEMOA sun amince da tsarin lasansi, mastar, doktora a 2007, ita ma ta bi sahu. Ƙofa ta buɗe, amma matakalar ba ta kai sama ba tukuna. Waɗanda na sani da suka wuce mastar, ko dai sun karkata zuwa fannin lafiyar al'umma, ko ilimin zamantakewa a jami'ar Cocody, ko sun nufi Montreal da Lausanne. Ba na ganin aibu a karkatar, don ita Aiken ɗin ma a ilimin zamantakewa ta yi doktorarta. Aibun shi ne idan ba mu hau ba, babu ranar da za a sami malaman jinya masu doktora da za su duba aikin na baya, sai a dawwama ana ba mu masu dubawa da ba su taɓa juya majinyaci a gado ba.

Yanzu bari in juyo kanmu, don ba kawu ne ya fi ɓata wa wannan karatu suna ba. Mu ne. Da yawa daga cikinmu mastar a wurinsu tikitin fita ne daga ɗakin majinyata: a sami ƙarin mataki a albashi, a sami ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, a yi ban kwana da aikin dare da warin gyambo har abada. Shi ya sa za ka ɗauki kundin kammala karatu goma ka tarar da take ɗaya, sani da ɗabi'a da aikin ma'aikata game da kaza, an canza sunan cuta da sunan unguwa kawai. Shafi talatin na farko an kwafo su daga intanet har da kurakuran mai su. Takardun tambaya ɗari da aka ce an raba wa majinyata, na ga wadda ta zauna a ɗakin hutu ta cike rabinsu da biro kala uku don kada rubutun ya yi kama. An ɗaure kundi da bango mai sheƙi, an yi anko, an yi hoto da alƙalai, an ajiye shi a kabad ƙura ta ci. Wanda ya ƙirƙiri amsar majinyaci a takarda, ni a wurina ba shi da bambanci da wanda ya rubuta awon zafin jiki bai auna ba, kuma duk mun san me ake kiran wannan. Idan irin wannan ne doktorar, to Alhaji mai albasa ya fi mu gaskiya, gara ledar garba, ita aƙalla tana ƙosar da wani.

Akwai kuma masu cewa duk wanda ya yi zurfi a karatu Kanada zai gudu, ƙasa ta yi asarar kuɗin da ta kashe a kansa. Wannan ba zan musa shi gaba ɗaya ba. Quebec ta ɗebi malaman jinya masu jin Faransanci daga Afirka a 'yan shekarun nan, kuma Kodebuwa da Nijar da Najeriya duk suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya da bai kamata a riƙa zuwa farautar ma'aikatansu ba. Na yi rakiya filin jirgi fiye da sau ɗaya. Amma waɗanda na raka ba masu bincike ba ne, masu takardar farko ne da suka dubi gabansu suka ga shekara talatin na aiki iri ɗaya, babu mai tambayar ra'ayinsu. Kuɗi ne babban dalili, ban ƙi ba, amma raini ma yana kora. Ni tambayata tana tashar motar Adjamé. Babu mai tura amalanke daga Keita a Montreal da zan bibiya.

Maganar cewa mace mai yara uku ba ta da hurumin komawa aji, wannan tsakanina da maigidana ne, kuma mun gama ta. Kuɗin aikin daren da na bari ya rage mana cefane, yara sun san haka, ba na ɓoyewa.

Abin da nake nema a wurin dattawan rumfa ba tafi ba ne. Idan kwamiti ya ba ni izini, daga watan Maris zan fara zagaya shaguna da ɗakunan 'yan ci-rani a Saint-Michel da Bracodi da Williamsville, har Biafra ta Treichville, da takardar neman yarda a hannuna. Na sa an rubuta ta da Faransanci da kuma ajami, don yawancin yaran nan allo suka yi, kuma ba na son kowa ya dangwala yatsa a kan abin da bai karanta ba. Ba na tambayar takardar zama, ba na rubuta sunan kowa a inda wani zai gani, kuma duk wanda ya ce ba ya so, maganinsa yana nan yadda yake. Amma yaron Adar ba zai buɗe wa mace mai jaka da takardu baki ba sai maigidansa ya ce masa ya yi. Ku ne masu gidan. Ku kuka san wanda ya yanki tikiti, ku kuke riƙe musu ajiya har ranar tafiya.

Kawu ma yana da yara bakwai da ke kwana a sitonsa na bayan masallaci. Ranar sunan nan, ina durƙushe ana dariya, ɗaya daga cikinsu yana zuba shayi a gefen rumfa, na ji irin tarin da yake yi, na ga yadda rigarsa ta yi masa yawa. Washegari na aika ɗana ya kira mini shi, na rubuta masa takarda zuwa cibiyar masu tarin fuka ta Adjamé a gwada majinarsa. Ya fara magani makon jiya. Na tambaye shi yaushe zai tafi gida, ya ce bayan salla, in Alhaji ya sallame shi.